Kafin Bola Ta Cika: Yadda Ake Auna Ta, a Rage Mata Kaya, a Ciro Makamashi Daga Shara

Babu bolar da ba ta cika. Ran da aka tona ramin aka fara zuba shara, daga ran nan kwanakinta suka fara ƙarewa, sai dai ba a cika samun wanda ya zauna ya ƙirga su ba. Idan ta cika ba a shirya ba, sai a ci gaba da jibga shara a kai har tudu ya zama dutse, dutsen kuma wata rana ya zaftaro. A watan Yulin 2000, tudun shara na Payatas a ƙasar Filifin ya rufta kan gidajen da ke gindinsa, fiye da mutum 200 suka rasu. A Maris 2017 irin haka ta faru a Koshe da ke Addis Ababa, aka rasa fiye da mutum 110. A Agustan 2024 kuma bolar Kiteezi a Kampala ta binne gidaje da mutane. Duk wuraren nan an daɗe da sanin sun wuce iyakarsu.

Wannan jagora na wanda alhakin shara ke wuyansa ne, ko jami'in hukumar tsabtace muhalli, ko ɗan majalisar ƙaramar hukuma, ko ƙungiyar al'umma da ke son a yi abin da ya dace. Na jera matakan bisa tsarin da ya kamata a bi su, kuma na ajiye maganar wutar lantarki a ƙarshe da gangan. Ita ce kowa ke ɗokin ji, ita ce kuma ta fi cinye dukiya a banza idan aka fara da ita.

Mataki na farko: ka san kwanakin da suka rage wa bolar

Abu uku kake buƙata: nauyin sharar da ke shigowa kullum, girman wurin da ya rage, da yadda ake danne sharar.

Nauyi da sikeli ake saninsa. Idan akwai babban sikelin mota a ƙofar shiga, a auna kowace mota da kayanta, a sake auna ta bayan ta juye. Idan babu, a kai motoci kaɗan na kowane iri wani wurin da ke da sikeli, a samu matsakaicin nauyinsu, sannan a sa mutum a ƙofa yana rubuta duk motar da ta shiga. Ƙirgan ya ɗauki aƙalla mako biyu, a kuma maimaita shi a lokacin ruwa da lokacin rani, domin sharar da ta sha ruwa ta fi nauyi nesa ba kusa ba.

Girman wurin da ya rage aikin safiyo ne. Zai auna yadda tudun yake a yau, ya kwatanta da tsayi da gangarar da aka tsara wa wurin tun farko, bambancin shi ne sararin da ya saura. A yau ana yin wannan da jirgi marar matuƙi cikin yini ɗaya. Abin da ba a wasa da shi a nan shi ne gangara: yadda aka saba, a kowace mita 1 ta tsayi ana barin kimanin mita 3 a kwance. Tudun da ya fi haka miƙewa, ruwa kuma ya cika cikinsa, shi ne ke zamewa.

Ga misalin lissafi, da alƙaluman da na ɗauka don koyarwa kawai. Gari mai mutum 200,000, kowa na fitar da rabin kilo a rana, tan 100 ke nan kullum, tan 36,500 a shekara. A ce sararin da ya rage mita kubik 300,000 ne. Idan ana danne sharar sama-sama, tan 0.6 a kowace mita kubik, a shekara za ta ci kusan mita kubik 61,000. A ƙara kashi 20 cikin 100 na ƙasar da ake rufewa da ita, ya zama 73,000. Shekara huɗu da 'yan watanni bolar ta cika. Idan aka gyara dannewa ta kai tan 0.9, shekarun sun haura shida. Idan kuma, bayan gyaran dannewar, aka hana tan 40 cikin tan 100 isowa bolar, shekarun sun haura goma. Fili ɗaya ne, ba a sayi ko taku ɗaya ba.

Ka riƙa sabunta lissafin nan duk shekara, ka kuma sanar da shi a fili. Neman sabon fili, da samun izini, da shawo kan maƙwabta, da ginawa, na iya cin shekara biyar ko fiye. Wanda ya ga saura shekara huɗu, ya sani ya riga ya makara da fara nema.

Mataki na biyu: ka buɗe sharar ka ga abin da ke ciki

Wannan aiki ne mai wari da ƙazanta, shi ya sa ake tsallake shi, kuma duk kuskuren da ke biyo baya daga nan yake tasowa. A zaɓi motoci daga unguwanni daban-daban, na masu hali da na talakawa, da kasuwanni, da ofisoshi. A juye kaya a kan tamfol, a cakuɗa, a raba gida huɗu, a ɗauki biyu da ke kallon juna, a sake cakuɗawa a raba, har a samu kimanin kilo 100. Sai ma'aikata da safar hannu da takunkumi da takalmin roba su tsince: ragowar abinci da ganye gefe guda, takarda da kwali, leda da roba, ƙarafa, kwalba, tsumma, ƙasa da toka, da kayan haɗari irin su batur da allura. A auna kowane tsibi. A kuma ɗauki samfur a busar a sake aunawa, don a san yawan ruwan da ke ciki.

Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa duniya na fitar da tan biliyan 2.01 na sharar gari a shekara, kuma kashi 44 cikin 100 nata ragowar abinci ne da ganyaye. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, mai ruɓewar ta kan haura rabi. Amma kada ka ɗauki alƙaluman wani ka yi aiki da su. Garin da ƙasa da toka suka yi yawa a shararsa, maganinsa daban da na garin da kwali da roba suka cika wa kwandon shara.

Mataki na uku: ka gyara bolar da kake da ita

Kafin sabon abu, a daina ɓarnar wurin da ke hannu. A taƙaita inda ake juyewa kullum zuwa ƙaramin yanki. Katafila ta shimfiɗa sharar siriri, kamar rabin mita, ta bi ta kai sau uku zuwa biyar kafin a ƙara wata. Da yamma a rufe da ƙasa mai kaurin santimita 15, don ƙuda da ɓera da wari da gobara. A haƙa magudana kewaye da wurin don ruwan sama ya wuce ta gefe, domin duk ruwan da ya ratsa shara yakan fito baƙi mai guba, ɗauke da amoniya da ƙarafa masu cutarwa, ya gangara rijiyoyi. A tara shi a tafki mai shimfiɗa a ƙasa, a kuma riƙa gwada ruwan rijiyoyin da ke sama da ƙasa da bolar. Duk sabon ramin da za a buɗe, a daɓe gindinsa da yumɓu, a shimfiɗa roba mai kauri, a jera bututun janye ruwan a kai. Cinna wa tudu wuta don a samu wuri kuwa a haramta shi baki ɗaya. Wutar da ta shiga cikin shara takan yi watanni tana ci a ɓoye, ta rarake tudun ta ciki.

Mataki na huɗu: ka raba jiƙa da busasshiya tun daga gida

A nan aikin yake, a nan kuma zan daɗe. Da zarar ragowar abinci ta haɗu da kwali da leda a buhu ɗaya, an yi asara biyu: kwalin ya jiƙe ba mai saye, abincin kuma ya cakuɗe da fasasshiyar kwalba da batur, ba ya takin kirki. Babu injin da ke raba su daga baya ya dawo da darajar da suka rasa. Injinan tacewa suna taimakawa, amma takin da ke fitowa daga gaurayayyiyar shara yawanci manoma ba sa so, kuma suna da gaskiya.

Kada ka fara da kwanduna biyar masu launi-launi. Biyu sun isa: jiƙa da busasshiya. Na uku, ɗan ƙarami, na kayan haɗari ne. Kada kuma ka fara da gidaje. Ka fara da inda jiƙaƙƙiyar shara ta fi yawa kuma ta fi tsabta, wato kasuwannin kayan gwari, da mahauta, da otal-otal, da makarantun kwana. Wuri goma irin waɗannan na iya ba ka abin da gida dubu ba za su bayar ba, kuma da mutum goma kawai za ka yi magana.

Idan aka zo kan gidaje, abu ɗaya ne ke kashe shiri: mutum ya wahala ya raba shararsa, sai ya ga mai kwasa ya juye duka a mota guda. Daga ranar ba zai ƙara rabawa ba, kuma zai gaya wa maƙwabcinsa. Saboda haka kafin a buga shela, a tanadi ranakun kwasa daban ko mota mai ɗaki biyu. Jiƙaƙƙiya a riƙa kwashe ta akai-akai tunda tana wari, busasshiya tana iya jira mako guda. A gwada a unguwa ɗaya wata uku zuwa shida, a gyara kurakurai, sannan a faɗaɗa.

Masu tsintar kaya a bola, 'yan bola-jari da 'yan gwangwan, su ne suka riga kowa fara wannan aiki, ba tare da an biya su ba. Sun san kowace irin roba da hannu, sun san mai sayenta. Shirin da ya kore su ya zubar da ƙwararrunsa, ya kuma yi wa kansa abokan gaba. A birnin Pune na Indiya, hukumar birni ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar masu tsintar shara mai suna SWaCH, suna bi gida-gida suna karɓa suna rabawa. Abin da suke buƙata ba shi da yawa: rajista da katin shaida, rumfar tsinta mai inuwa da sikeli, safar hannu, allurar rigakafi, da tabbacin cewa kayan da suka tsinta nasu ne. Yara kuma a fitar da su daga bola gaba ɗaya.

Doka da kuɗi suna tura mutane inda wa'azi ya gaza. Koriya ta Kudu ta fara tsarin biya gwargwadon sharar da ka fitar a 1995, ta hanyar jakunkunan shara na hukuma da ake saye, sannan a 2005 ta hana kai ragowar abinci bola kai tsaye. Birtaniya ta sa harajin zuba shara a bola a 1996. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya ta bi a 2017. Tarayyar Turai kuma ta sa wa mambobinta iyaka: zuwa 2035 kada sharar gari da ake binnewa ta wuce kashi 10 cikin 100. Sai dai a yi hattara: inda ba a kwasar shara yadda ya kamata, tsananta kuɗi na sa mutane su zuba a kwata da dare. Kwasa ta fara zama abin dogaro, sannan kuɗi ya biyo.

Mataki na biyar: jiƙaƙƙiyar ta zama taki ko gas

Taki shi ne hanya mafi sauƙi. A jera sharar kunya-kunya, tsayi kamar mita ɗaya da rabi, a haɗa ɗanyen abu da busasshe irin su ganye da diddigar katako, don iska ta ratsa. Danshi ya kasance tsakanin kashi 50 da 60 cikin 100. Gwajinsa shi ne ka damƙa a hannu, ya dunƙule, ruwa ya ɗan tsatso amma kada ya zuba. Zafin ciki ya kai digiri 55 ya daɗe kwanaki a haka, don ƙwayoyin cuta da 'ya'yan ciyawa su mutu. A riƙa juyawa. Cikin wata biyu zuwa huɗu ya nuna, a tankaɗe. Wari mai tsami alama ce ta ruwa ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Tun kafin a fara, a nemi masu saye, domin taki yana da nauyi, kuma kuɗin dako kan cinye ribarsa idan gonakin suna nesa.

Hanya ta biyu ita ce bayogas. Ana zuba sharar a rufaffen tanki da iska ba ta shiga, ƙwayoyin halitta su ruɓar da ita a zafin da ya kai kimanin digiri 35 zuwa 37, cikin kwana 20 zuwa 30. Gas ɗin da ke fita kusan kashi 60 cikin 100 nasa metan ne, wanda ake girki da shi ko a kunna janareta. Tan ɗaya na ragowar abinci na iya ba da kimanin mita kubik 100, kowace mita kubik kuma tana ba da wajen kilowat-awa 2 na lantarki. Abin da ya rage a tankin taki ne. Tankin nan kamar tumbin saniya yake: yana son abinci iri ɗaya, a lokaci ɗaya, kullum. Ka ɗura masa da yawa lokaci guda ya yi tsami ya daina aiki, yashi da leda kuma su toshe shi.

Mataki na shida: gas ɗin da ke cikin bolar kanta

Sharar da aka riga aka binne tana ci gaba da fitar da gas shekaru da dama, kusan rabinsa metan, rabi iskar kabon. Metan yana ɗumama duniya kusan ninki 28 na iskar kabon a tsawon shekara 100, kuma yana fashewa idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 a iska. Don haka ko ba a samu kobo ba, dole a kama shi. Ana rufe yankin da ya cika, a huda rijiyoyi a zura bututu masu huji, a haɗa su da injin zuƙa. A fara da ƙona gas ɗin a bakin bututu na tsawon watanni, ana auna yawansa da ingancinsa. Abin da awon ya nuna shi zai faɗi girman janaretan da za a saya. Birnin Durban na Afirka ta Kudu ya yi haka a bolarsa ta Mariannhill da ta Bisasar Road, yana samar da lantarki. Tudun da bai da zurfi, ko wanda ya sha gobara, gas ɗinsa kaɗan ne. Kuma idan mataki na huɗu ya yi nasara, gas zai ragu nan gaba, a sa wannan a lissafi.

Mataki na bakwai: ƙona shara don lantarki

Masana'antar ƙona shara ta zamani tana rage girman shara da kusan kashi 90 cikin 100, kuma inda sharar ke ci da kyau, tan ɗaya na ba da kilowat-awa 500 zuwa 600. Suwidin na binne ƙasa da kashi 1 cikin 100 na sharar gidajenta, tana dumama gidaje da zafin da ke fitowa. Wannan ne masu tallar injin ke nunawa. Kafin ka sa hannu, ga tambayoyin da za ka yi.

Sharar taka tana ci da wuta? Ƙa'idar da Bankin Duniya ya daɗe da bayarwa ita ce matsakaicin ƙarfin zafin shara ya kai megajul 7 a kowane kilo, kada ya sauka ƙasa da 6 a kowane lokaci na shekara. Shara mai ruwa da ƙasa ba ta kaiwa nan, sai an riƙa ƙara mata mai. Masana'antar Timarpur da aka gina a Delhi a 1987 ta tsaya bayan 'yan makonni saboda wannan dalili. Awon da ka yi a mataki na biyu shi zai ba ka amsa, kuma a yi gwajin a ɗakin binciken da ba na mai sayar da injin ba.

Wa zai sa ido kan hayaƙi? Dokar Turai ta ce hayaƙin ya kai digiri 850 na aƙalla daƙiƙa 2, sannan ya bi ta matatai, don a rage dayoksin, wata guba mai jawo ciwon daji. Matatan nan suna cin kaso babba na kuɗin gini da na gudanarwa, kuma su ake fara sakaci da su idan kuɗi ya yi ƙaranci. Inda babu hukuma mai kayan awo da ikon rufe masana'anta, ban ga dalilin ginawa ba.

Ina za a kai toka? Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na nauyin sharar yana dawowa toka. Wadda ta taru a ƙasan tandu ana iya cire ƙarafa daga ciki a yi aikin hanya da ita bayan gwaji. Wadda matatai suka kama kuwa guba ce, tana buƙatar ramin musamman. Ke nan har da masana'anta, bola ba ta ƙare ba.

Me yarjejeniyar ta ɗaure ka da shi? Yawancinsu na shekara 20 zuwa 30 ne, kuma sukan wajabta wa gari kawo tan kaza kullum ko ya biya tara. Garin da ya sa hannu kan adadi mai yawa ya ɗaure kansa da samar da shara, duk nasarar da ya samu wajen ragewa ta koma masa asara. Denmak, mai shahararriyar masana'antar ƙona shara ta Amager Bakke a Kopenhagen, ta kai ga shigo da shara daga waje don ciyar da tandunanta, har a 2020 ta yanke shawarar rage ƙarfin ƙonawa da kashi 30 cikin 100 zuwa 2030. A auna girman masana'anta da abin da zai saura bayan an cire taki da kayan sake sarrafawa. A kuma sani cewa kuɗin sayar da lantarki kaɗai ba ya riƙe ta, sai an haɗa da kuɗin da ake biya kan kowane tan a ƙofa.

Ga garin da shararsa ba ta kai a gina masa masana'anta ba, akwai hanyar da ta fi sauƙi idan da kamfanin siminti a kusa. Ledar da ba ta sake sarrafuwa, da tsumma, da gurɓatacciyar takarda, ana busar da su a daddatsa a ɗaure, a kai wa tandun siminti da zafinsa ke kai digiri 1,450, ya maye gurbin wani ɓangare na gawayin kwal, tokar kuma ta shige cikin simintin. Kamfanin zai gindaya sharuɗɗa kan danshi da yawan kulorin, don haka robar PVC, irin ta bututun ruwa, ba ta shiga, domin tana da sinadarin kulorin da yawa. A fara da kai musu samfurin tan kaɗan su gwada, sakamakon gwajin ne zai nuna irin injin datsa da rumfar busarwar da za a tanada.